Koriyar Fijon Baba Mustapha

Shafi na 21

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafin. Masu cika mani akwatin saƙo da tambayar ina na shiga, duk na gani, kuma ban yi fushi ba. Ku gyara zama, yau Fanna ce da babanta.

*

Fanna ta sake karanta rubutun, hannunta a kan linzamin kwamfuta amma ba ta motsa shi ba.

A shagon hoton Auwalu take, nan Ƙofar Wambai, inda ta saba zuwa da hantsi ta duba bulog ɗinsu. Auwalu ɗan ƙanwar babanta ne, mai ɗaukar hoton biki da suna, kuma da shi suka buɗe bulog ɗin, Motocin Birni, tun suna su biyu rak, ita da rubutu shi da kyamara. Yanzu abin ya girma. Akwai masu turo hoto daga Fagge da Gwammaja, har da wani likita a Kaduna da ba ya ɗaukar komai sai tsofaffin Marsandi. Duk Asabar ana haɗuwa a zaga gari neman motocin da zamani ya bari a baya, a ɗauke su kafin masu yanka ƙarfe su riga kowa.

Dokarsu biyu ce, kuma Fanna ce ta rubuta su da hannunta. A rufe lambar mota. A nemi izinin mai ita.

Ta biyun ita ta fara karya ta.

Tun tana firamare koriyar Fijon babanta take kulle a garejinsa na bakin titin Zaitawa. An ce musu inji ne ya buga. Da suka buɗe bulog ta roƙe shi ya bari su ɗauke ta, ya ce a'a, bai kuma faɗi dalili ba. Sai makon jiya rufin garejin ya fara yoyo, aka turo motar waje don magina su samu wurin aiki. Fanna ta zo wucewa ta gan ta a hasken yamma, ruwan sama ya wanke ta, ta kasa haƙuri. Ta ɗauka, ta rufe lambar, ta ɗora.

Ba a taɓa yaba wani hoto a bulog ɗin kamar wannan ba. Sai ga wannan rubutun a ƙasansa, tun jiya da yamma:

"Sunana Hasana Shehu, daga Kabara. Na san motar nan. Ina ƙarama aka zo gidanmu da ita, zamanin soja, aka tafi da babana. Har yau ba mu sake ganinsa ba. Labulen nan mai ruwan goro na gilashin baya, da madubin hagu da aka ɗaure da waya, ban manta su ba. Don Allah motar waye?"

Auwalu ya ajiye hotunan da yake yankawa ya zo ya tsaya a bayanta. Ya karanta, sannan ya ce ta goge. Ta goge hoton da rubutun gaba ɗaya, in an tambaya su ce kuskure aka yi. Ya ce koriyar Fijo ba ɗaya ba ce a Kano, kuma yarinyar da take ƙarama a lokacin me za ta riƙe.

Fanna ta ce masa korayen Fijo da yawa, amma mai labule ruwan goro da madubi ɗaure da waya guda nawa ya taɓa gani.



Ta gangara ƙasa kaɗan, ta nuna masa da yatsa. Wani daga cikin 'yan zagayen Asabar, cikin son a san ya san mota, ya riga ya ba Hasana amsa: ai wannan ta Alhaji Mustapha mai turare ce, na Zaitawa.

Auwalu ya ja kujera ya zauna.

"To gogewar ma ba ta da amfani," in ji shi.

"Ko da tana da amfani ba zan goge ba. Zagi kawai muke gogewa. Wannan ba zagi ba ne."

"Baba ne fa, Fanna."

"Na sani."

Ya ce shi dai ba zai taɓa yarda Baba Mustapha ya yi wa masu kama mutane aiki ba, mutumin da ko kaza ba ya iya tsayawa a yanka a gabansa. Ita ma ta ce ba ta yarda ba. Amma da ta faɗa sai ta ji maganar ba ta zauna mata daidai a baki ba, domin ta tuna yadda fuskarsa ta canza ranar da ta roƙe shi hoton, da kuma yadda ya ƙi sayar da motar duk da dillalan da suka yi ta sintiri.

Ta kashe kwamfutar, ta gyara mayafi. Auwalu ya ce ya raka ta, ta ce ya zauna, wannan tsakaninta da babanta ne.

*

Ba ta hau babur ba, a ƙasa ta taka. Ta bi ta gaban garejin. Magina sun gama, an mayar da motar, an sa kwaɗo. Ta tsaya ta leƙa ta tsagar ƙofa, ba ta ga komai ba sai duhu da ɗan ƙyallin bamba.

Ta shiga lungunsu. Gidan shiru, mahaifiyarta ta tafi barka. Ta yi azahar, ta daɗe a kan sallaya, sannan ta fito ta nufi soro.

Baba Mustapha yana zaune a kan buzunsa, ya baje itacen turare a faranti yana tsince na banza. Tun da ya bar wa yaransa rumfar kasuwa nan yake wuni, ya ce hannunsa bai saba da zama haka kawai ba. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa bai ɗago ba, ya tambaye ta yaya allon nasu. Haka yake kiran bulog ɗin, allon naku.

Ta ce allon ne ma ya kawo ta.

Ta fara da laifinta. Ta gaya masa ta ɗauki hoton motar ranar da aka fito da ita, ta sa a inda duniya za ta gani, bayan ya hana. Ta ce ta san ba ta kyauta ba.

Hannunsa ya tsaya a cikin farantin.

Sai ta gaya masa sauran. Ta karanto masa rubutun da ka, domin ya riga ya zauna mata. Da ta zo kan sunan, Hasana Shehu, sai ya lumshe ido.

"Hasana," ya ce a hankali. "Ashe ta girma har tana rubutu."

 Duk tsawon hanya addu'ar Fanna ɗaya ce, ya ce bai san wannan suna ba.

"Baba, motarka ce?"

"Tawa ce."

"Wa ya tuƙa ta ranar?"

"Ni."

Ta zauna sosai a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta dai tsura wa farantin ido, ƙamshin da ta tashi a cikinsa tun tana jaririya yana shigar mata hanci kamar baƙon abu.

Ya ture farantin gefe, ya goge hannu a gefen rigarsa. Ya ce ta tashi ta tura ƙofar soron. Da ta dawo ya ce zai gaya mata magana, kuma yana so ta bari ya kai ƙarshe kafin ta yanke masa hukunci, domin ya ga ta riga ta fara.

Ya ce Shehu, baban Hasana, ma'aikacin wata 'yar maɗaba'a ne a wancan lokacin. Shi yake buga masa takardun da ake liƙawa a kwalaben turare, a nan suka saba. Abota ce ta kasuwa, bai taɓa zuwa gidan Shehu ba, Shehu bai taɓa zuwa nasa ba. Mutum ne mai yawan dariya, mai taurin kai kuma. Bayan an tashi aiki shi da wani abokinsa sukan buga wasu takardu, masu cewa soja su koma bariki, a watsa a masallatai da tashoshin mota. Baba ya ce ya sha yi masa faɗa, yana ce masa kai mai iyali ne.

Wata rana aka ɗauke abokin. Aka neme shi ko'ina, babu.

Washegari Shehu ya zo rumfa, ya zauna a bayan buhuna inda ba a hango shi daga waje. Ya ce saura shi. Baba ya ce to ya gudu, ga kuɗin mota. Shehu ya ce gudu ba wuya, amma in ya ɓace da ƙafarsa gidansa za su zo su tare, su sa matarsa a gaba sai ta faɗi inda yake, kuma 'Yardada ba ta iya ƙarya ba, ko ta yi ana gani a idonta. Amma in unguwa ta ga an zo an tafi da shi, duk wanda ya biyo baya zai ɗauka wasu 'yan uwansa ne suka riga shi, domin a lokacin masu kamun ba sa gaya wa juna.

Fanna ta ɗago kai.

"Kana nufin..."

"Na ce ki bari in kai ƙarshe."

Ya ce ya samo mutum biyu, fatake ne masu kawo masa kaya daga Gaidam, ba wanda ya san fuskarsu a birni. Aka samo musu riguna irin na ma'aikata da baƙin gilashi. Da safe suka je, lokacin da yara ke tafiya makaranta, don kowa ya gani. Shi bai fito daga mota ba, ya ja rawani ya rufe baki da hanci, ya bar inji a kunne a bakin lungu. Suka shiga suka fito da Shehu, kowa riƙe da hannu ɗaya.

Nan muryarsa ta ragu.

Ya ce duk abin da suka shirya ya tafi daidai, abu ɗaya ne ba su lissafa ba. Da ya ja motar, sai ga yarinya ta fito da gudu, ba ɗankwali, takalmi ƙafa ɗaya. Ta bi su har bakin titi tana kiran babanta. Shehu yana baya ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa, ya ce kada ka tsaya, Alhaji, in ka tsaya ba zan iya tafiya ba.

"A madubin nan na hagu nake ganinta," in ji Baba. "Har muka sha kwana."

Ya ce sun tsallaka iyaka ta wajen Ɓaɓura kafin la'asar. Ya damƙa Shehu a hannun wani abokin cinikinsa, ya juyo. Da ya iso ya sa motar a gareji, ya ce wa mutanen gida inji ya buga. Kabara da Zaitawa ba nisa, in ya ci gaba da hawanta wata rana sai wani ya nuna ta da yatsa. Bayan kwana kaɗan masu kamun na gaske suka je gidan Shehu. Maƙwabta suka ce ai kun riga kun tafi da shi. Suka duba juna suka fita, ba su sake komawa ba.

Fanna ta sauke numfashi. 

Ta ce to soja sun tafi da daɗewa. An yi zaɓe, an sake yi, waɗanda suka gudu ƙasashen waje duk sun dawo, wasu ma har sun zama manya. Shi Shehu me ya riƙe shi?

Baba ya ce da kansa ya je ɗauko shi, a motar haya, watannin farko na mulkin farar hula. Ya same shi a Damagaram yana ɗinkin littattafai, ya rame, ya yi doguwar jinya wadda ba wanda ya gaya wa Baba. Shehu ya yi murna, har ya fara haɗa kaya. Sai ya tambayi labarin gida.

"Da na sani da na yi masa ƙarya a ranar," in ji Baba. "Amma ban iya ba."

'Yardada ta jira shekaru. Ta je duk inda aka ce ana tsare mutane, ta tsaya a ƙofofi, ba wanda ya ce ya san shi. Daga baya danginta suka kai magana gaban alƙali, aka bi abin da shari'a ta ce a kan matar da mijinta ya ɓata, ta yi idda, ta auri wani mutumin kirki mai sayar da yadi. Lokacin da Baba ya je Damagaram tana da goyo.

Shehu ya saurara har ƙarshe. Ya kwance kayan da ya ɗaure. Ya ce matar da ya sa ta kuka sau ɗaya har ta gama, ba zai koma ya sa ta wani sabo ba. Ya ce in ya bayyana, mijinta zai rasa sukuni, jaririn zai tashi ana nuna shi, ita kuma za a ce ta yi gaggawa. Ya ɗauko Alƙur'ani ya sa Baba ya rantse ba zai gaya wa kowa daga gidan shi Shehun cewa yana duniya ba, sai in shi ya sake shi.

"Ke ba 'yar gidansa ba ce," in ji Baba. "Shi ya sa kike ji."

"Yana raye?"

"Da Sallar da ta wuce na aika masa turare. Ya aiko da godiya."

 A waje mai tallan awara ta wuce tana kira, muryarta ta yi nisa.

Fanna ba ta taɓa ɗaga murya a gaban mahaifinta ba, yau ma ba ta ɗaga ba. Ta ce ta ji uzurin matar. Ta ji na mijin, ta ji na jaririn. Amma a duk lissafin nan ba ta ji inda aka sa Hasana ba.

"Alƙali ya raba auren uwarta, Baba. Bai raba ta da ubanta ba."



Ta ce yarinyar nan ta girma tana ɗauka an kashe ubanta a wani ɗaki mai duhu. Ta ce mutum ba ya riƙe kalar labule tun yana ƙarami sai in kullum yana ganinsa a mafarki. Ta ce jiya da Hasana ta ga hoton, Allah kaɗai ya san yadda ta kwana, kuma yanzu a zuciyarta sunan wanda ya kashe mata uba Alhaji Mustapha mai turare.

Ya gyaɗa kai. Ya ce duk abin da ta faɗa ya faɗa wa Shehu, ba sau ɗaya ba. Duk zuwan da ya yi sai ya ce masa ka sake ni, ko yarinyar kaɗai in gaya wa. Shehu sai ya ce bari ta ƙara girma. Da ta girma sai ya ce da wane ido zai kalle ta. Baba ya ce tun yana ganin abin a matsayin tausayi har ya gane tsoro ne, kuma tsoron kullum ƙaruwa yake.

Ya ce ya san makarantar da Hasana ta yi. Akwai lokacin da yakan bi ta ƙofar makarantar da gangan in an tashi, ya tsaya wajen mai rake kamar mai ciniki, ya ga ta fito lafiya, ya wuce. Abin da yake kai wa ubanta ke nan in ya je, ta yi tsawo, ta fara sa hijabi, ta yi kama da kai.

Fanna ta share ido da bakin mayafi. Ta tambaye shi me ya hana shi sayar da motar tun tuni, a yanka ta a Ƙofar Ruwa kowa ya huta.

Ya ɗan yi murmushi, na farko tun da ta shigo. Ya ce ya kira dillali har gareji, sun yi ciniki, da mutumin ya miƙa hannu karɓar makulli sai ya ji ba zai iya ba. Ya ce a ransa kullum gani yake wata rana zai gyara ta, ya je ya ɗauko Shehu a cikinta, ya sauke shi a bakin lungun da ya ɗauke shi.

Ta sake ba shi haƙuri a kan hoton. Ya ɗaga mata hannu. Ya ce ya hana ta ne bai ba ta dalili ba, kuma ita ba yarinya ba ce. Abin da ya rage shi ne ya samu Shehu a waya yau ɗin nan, ta hannun mai shagon da ke kusa da shi, ya gaya masa magana ta fito, ko ya sake shi ko ya zo da kansa. Ya ce ta ba shi kwana biyu. Kada ta rubuta komai a allon, kada ta amsa wa yarinyar.

Fanna ta ce to.

Ba ta rufe baki ba wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Auwalu ne. Ta nemi izini ta ɗaga.

Muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce mata biyu sun zo shago bayan fitarta, budurwa da wata babba, sun ga adireshin a bulog. Ya ce musu ba ta nan, suka ce za su jira. Suka zauna a benci ba su ce masa uffan ba har aka yi azahar aka dawo. Daga ƙarshe babbar ta ce in ba zai raka su gidan Alhaji Mustapha ba, za su tambaya a titi, ai ba ɓoyayye ba ne. Ya ga gara ya kawo su da kansa da su shiga unguwa suna tambaya ƙofa-ƙofa.

"Kuna ina yanzu?"

"Bakin lungunku."

Ta sauke wayar. Ba sai ta yi bayani ba, soron ƙarami ne, Baba ya ji komai.

Ta ce bari ta fita ta tare su, ta ce ba ya nan, ko ba ya jin daɗi. Ya girgiza kai. Ya ce bai taɓa cewa ba ya nan alhali yana nan ba, ba zai fara a kan waɗannan ba. Ya sa ta shimfiɗa babbar tabarma, ta kawo ruwa. Ya gyara hularsa, ya janyo carbi ya riƙe, ta lura yatsunsa ba sa jan komai.

"Me za ka ce musu, Baba?"

"Ban sani ba."

Aka yi sallama a zaure. Fanna ta fita ta shigo da su, Auwalu ya tsaya a waje.

Hasana doguwa ce, siririya, da jakar makaranta a kafaɗa. Ba ta kalli Fanna ba, ba ta kalli tabarmar ba. Tun daga bakin ƙofa idonta yana kan tsohon da ke zaune a buzu, kuma a tsaye ta tsaya. Uwarta, 'Yardada, ta tuɓe takalmi ta shiga ta zauna a nutse, ta gaida Baba gaisuwa cikakkiya, ta tambayi iyali, ta tambayi damina. Ya amsa duka. Ta jawo hannun 'yarta ta ce ta zauna, ba a tsaya wa babba a ka. Hasana ta zauna a gefen tabarma kamar mai shirin tashi.

Ba wanda ya taɓa ruwan.

Hasana ce ta fara. Muryarta ba ta rawa, da ji ta daɗe tana shirya maganar. Ta ce ba ta zo da 'yan sanda ba, ba ta zo da 'yan jarida ba, ko da yake tana iya yi. Abu ɗaya take so.

"Ka nuna mani inda aka binne shi."

Baba ya buɗe baki, ya rufe.  Ya dubi Hasana, ya dubi ƙasa, ya ce, "'Yata..." sai maganar ta tsaya.

'Yardada ta ɗaga hannu.

"Dakata, Alhaji. Kada ka wahalar da kanka. Na ga alama an ɗaure maka baki ne."

Ta gyara zama. Ba ta dubi 'yarta ba, tabarma take kallo, tana shafa saƙar da yatsa.

"Ranar da mutanenka suka shigo, ina tsakar gida ina dama koko. Suka yi sallama. Da suka zo ƙofar ɗakin Shehu, sai na ga dukansu biyu sun sunkuya sun tuɓe takalmi kafin su shiga."

Ta ɗago ta dubi Baba.

"Masu zuwa kama mutum ba sa tuɓe takalmi, Alhaji. Tun a ranar na san ba kama shi aka yi ba."

Carbin ya zame daga hannun Baba ya faɗi a kan buzu.

Hasana ta juya a hankali. Ta zare hannunta daga cikin na uwarta.

"Inna," ta ce. "Duk shekarun nan kin sani?"